Cikin Auta, Jinin Rafali

Shafi na 17

Masu ƙorafin na bar Auta da allura a hannu, ku kwantar da hankali, an zare ta.

Na'urar ta yi 'yar ƙarar da take yi in ta gama aiki, ta tofo lamba a gilashinta.

Dakta ta duba. Ta cire tabarau, ta goge shi da gefen farar rigarta, ta mayar, ta sake dubawa. Lambar ba ta ji kunyar tabarau ba. Tana nan yadda take.

Ba dakta ba ce tukuna. Ta daɗe tana kokawa da digiri na uku, har dangi suka gaji da jira suka raɗa mata Dakta Saura-Kaɗan, daga baya tsawon sunan ma ya ishe su suka datse masa wutsiya. Abin da take bincike a kai kuwa, duk dangin ba wanda ya taɓa zama har ƙarshen bayaninsa sai mijinta, shi ma daga baya aka gano barci yake yi da ido a buɗe.

Alhali bayanin ba shi da wuya. Jikin mutum yana tsatsa ta ciki, kamar ƙarfen da aka manta a ruwa. A jini akwai wasu sinadarai da ba su da aiki sai goge wannan tsatsa. Ita ƙarfinsu take aunawa a jinin mata masu cikin inabi. Wato cikin nan da gwaji zai ce ciki ne, laulayi ya ce ciki ne, riga ta matse ta ce ciki ne, amma in aka leƙa mahaifa babu jariri, sai tarin 'yan ƙulle-ƙulle masu ruwa kamar curin inabi. Yawancin matan da ta auna, masu goge tsatsar nasu sun yi laushi.

Irin cikin da ƙanwarta Auta ta yi bara ke nan. Aka yi mata wankin ciki, aka yi ta bibiyar jininta har likitoci suka ce ta warke. Yanzu ga wani cikin. Amai ya fi na bara. Cikin ya fi watanninsa girma, kamar na bara. Auta kuma ta rantse ba mai sake ganin ƙafarta a ɗakin sikanin.

"Jini dai, Yaya, ki ɗiba ko da bokiti ne," haka ta ce. "Ki auna da na'urarki ki faɗa min. Amma wancan ɗakin, a'a."

Shi ne Dakta ta ɗiba, ta zana ɗan tauraro a murfin kwalbar.

Yanzu ga abin da tauraron ya ce: ƙasa. Ƙasa sosai. Daidai inda matan inabi suke taruwa.

Wayarta ta hau rawa a aljihu.

"Yaya, ya fito?"

"Wa?"

"Kakanmu. Sakamako mana."

"Na'ura tana ɗumama."

"Tun safe take ɗumama? Shayi kika ɗora?"

"Ki ci wani abu ki kwanta."

"Na ci. Ya dawo. Mun gaisa da shi a bakin bokiti."

"To ki kwanta ba ci."

"Muryarki fa, Yaya?"

"Mura ce."

Ta kashe wayar. Ta shiga ɗakin ajiyar magunguna, inda ba mai shiga sai mai neman abu ko mai neman kuka, ta yi na biyun a tsaye, a taƙaice, irin na ma'aikaciyar da ta bar na'ura a kunne. Ta fito ta sake safar hannu.

Akwai sauran kwalabe a jere. Ta ci gaba da su, ba don tana son aiki ba, sai don duk kwalbar da ta saka jinkiri ce ga komawa gida.

Ta ƙarshe tana da hoton ƙwallo a murfi.

A ɗakin gwajin nan akwai ƙa'ida: duk jerin da za a auna, sai an cusa jinin wani da aka san lafiyarsa lau, don a kama na'ura in tana ƙarya. Ma'aikatan sun daɗe da gano inda ake samun irin wannan jini ba dogon roƙo. Duk namijin da ya auri mace daga ɗakin nan, ya san ya auri allura. Mijin Dakta, malamin motsa jiki a makaranta, alƙalin wasa a ƙarshen mako, wanda unguwa ba ta san shi da wani suna ba sai Rafali, ya shekara da shekaru yana ba da hannu. Jininsa kullum a sama yake, har ya zama abin taƙama. Ya taɓa gaya wa mai aski cewa da jininsa ake saita na'urorin asibiti.

Na'ura ta yi ƙara.

Dakta ta duba.

Ƙasa. Daidai inda matan inabi suke taruwa. Har ya ɗan fi Auta nutsewa.

Ta zauna a kan doguwar kujera a hankali, ta ce wa na'urar, "Ke, ki ji tsoron Allah."

Sai a lokacin idonta ya buɗe, ta koma kan lambobin da ta yi ta wucewa tana share hanci. Ga ta wata mata mai lafiyayyen ciki, wadda ita da kanta ta ga ɗan yana shure-shure a hoto: ƙasa. Ta wata ma: ƙasa. Jerin gaba ɗaya ya kwanta kamar an yi masa duka.

Na'ura ba ta yi wa mutane ƙarya a jere haka sai an cuci jinin kafin ya iso gare ta. Jerin nan kuwa wuri ɗaya ya kwana. Firizar ɗakin gwaji ta lalace ƙarshen makon jiya, ta kwashe kwalaben a jar kula, ta cika da ƙanƙara, ta kai gida ta saka a tata firizar, ta ce wa mijinta, da baki da yatsa, kar ya taɓa.

Ta jawo jar kular daga ƙarƙashin tebur. Ta juya ta.

Ciyawa ce manne a gindinta. Ta shinshina mariƙin. Man zafi.

* * *

Rana tsaka ta iso gida. Falo yana nan yadda ta bar shi, da ƙarin ɓawon lemo. Auta na kwance a doguwar kujera, bokiti a gefenta kamar ɗan rakiya. A nan take zaune tun da mijinta ya koma aikinsa na jirgin ruwa. Mama, uwarsu, tana kan darduma tana sauya wa wata riga maɓalli. Rafali kuwa yana guge baƙar rigarsa ta alƙalanci, yana fito.

"A'a, Dakta da rana? An kore ki ne, ko digirin ya fito?"

Ta dire jar kular a tsakiyar falo.

Fito ya tsaya.

"Rafali, ina taya ka murna."

"Ta me? An ba ni wasan ƙarshe?"

"Ciki gare ka."

Allura ta faɗi daga hannun Mama. Auta ta ɗago kai daga matashi.

"Dakta, Mama fa tana nan."

"Ai gara ta ji daga bakina. Na auna jininka yau. Na'ura ta ajiye ka cikin matan da nake bincike a kansu, a sahun gaba ma."

Auta ta ce, "Dama ni na daɗe ina zargin tumbin nan."

"Ke, ki yi amanki ki bar manya su yi magana."

"Wata nawa ne, Yaya Rafali? Ka fara jin motsi?"

Mama ta juya fuska ga bango, saboda ba ta dariya a gaban suruki. Kafaɗunta ne dai ba su san wannan doka ba.

Dakta ta nuna kular da ƙafa. "Ka san wannan?"

"Na taɓa ganinta."

"A ina?"

"A gari. Jar kula ai da yawa."

"Masu ciyawa a gindi fa?"

Ya kashe dutsen guga. Ya tsaya a miƙe, hannu a baya, irin tsayuwar da ya sha gani wurin 'yan wasan da suka san kati na zuwa.

"Kafin a yanke hukunci, a duba niyya."

"Ina dubawa."

"Ranar Asabar tsofaffinmu suna da wasa. Kin san su, ƙarami a cikinsu yana da jika. Irin wannan wasa ba a zuwa ba ƙanƙara, ko an manta ƙwallo. Na buɗe firiza, babu ko ɗaya, an zuba wa Auta a ruwa. Sai ga kula, a shirye, da ƙanƙararta, da mariƙinta, kamar an san da zuwana."

"Na ce maka me a kanta?"

"Kin ce kar in taɓa abin da ke ciki."

"Na ce kar ka taɓa."

"Ni kwalaben ban taɓa su ba, wallahi. Ƙanƙarar kawai na ara. Mai walda ya yi targaɗe tun ba a yi nisa ba, ƙafarsa ta cinye ƙanƙara biyu. Sai gwiwar mai kemis. Sai mai tsaron gida ya yi karo da ƙarfen raga."

"Kwalaben suna ina duk wannan?"

"A but."

"A but ɗin mota."

"A inuwa na ajiye motar."

"Inuwar ta tsaya tana jiranka?"

"Ta ɗan gusa. An yi ƙarin lokaci ne. Aka zo bugun daga kai sai mai tsaron gida, shi kuma yana ganin ƙwallo bibbiyu, sai da aka jira shi."

"Daga nan ka kawo su gida."

Ya dubi silin.

"Rafali."

"Washegari. Da na je wanke mota. Amma ina gani na mayar da su firiza da gudu, suka daskare tsaf, kamar ba abin da ya faru."

"Kamar ba abin da ya faru," in ji Dakta. "Jinin mata, na bi su ɗaya-ɗaya ina lallashi suka ba ni. Ka kai su kallon ƙwallo, ka dafa su, ka dawo ka daskarar."

"To ni ga abin da na duba, Dakta, kuma har yanzu ban ga inda na kuskure ba." Ya daki ƙirji. "Jinin nan fiye da shekara hamsin yana zaune a jikina cikin zafi. Na yi gudu da shi a rana, na yi zazzaɓi da shi, bai taɓa lalacewa ba. Kwana ɗaya a but ne zai kashe shi?"

Har Mama ta waiwayo, da alama hujjar ta shige ta.

"A jikinka yana da masu yi masa hidima," in ji Dakta. "Zuciya na zagayawa da shi, huhu na yi masa fifita, hanta na yi masa shara. A but wa ya yi masa? Tayar safaya?"

"Akwai jak ma."

"Sinadaran da nake aunawa, in suka bar jiki, sanyi ne kaɗai ke riƙe da ransu. Suka ji zafi, sun tafi. Ko ka mayar da su firiza, gawa ka daskarar."

"Allah Ya jiƙansu," in ji Rafali a hankali.

Mama ta ce, ba ta dubi kowa ba, "Yaron nan dai taimako ya je yi."

"Mama, kullum kina bayansa."

"Shi ke kai ni awon ido."

Auta ta yi dariya har ta jawo bokiti kusa don ko-ta-kwana. Sai dariyar ta tsaya a rabi. Ta tashi zaune.

"Yaya. Nawa fa?"

"Naki ma ya je kallon ƙwallo."

"Shi ne murar da kika yi ɗazu a waya?"

Dakta ta mayar da ido kan kular.

"Ya fito ba kyau, ko? Kafin ki ga nasa."

"Ya fito ba kyau. Kamar na kowa. Ba naki ba ne, Auta, na but ne."

"To shi ke nan." Auta ta naɗe hannun riga, ta miƙo hannu. "Sake ɗiba. Wannan karon ki kwana da shi a ɗakinki, ki kulle Yaya Rafali a waje."

Dakta ta dubi hannun. Siriri, da ɗan tabon allurar da ta gabata. Abu mafi sauƙi a duniya shi ne ta ɗauko sirinji. Za a samu wasu kwanaki na zaman lafiya, na'ura ta sake ɗumama.

Ta zauna a bakin kujerar, ta sauke mata hannun rigar.

"Ko na ɗiba, ba zai faɗa miki ba."

"Ban gane ba."

"Awon nan nawa ba na mace ɗaya ba ne. Na taro ne. In tara mata da yawa nan, da yawa can, in ga wane ɓangare ya fi rauni. Amma in ɗauki jininki ke kaɗai in ce ga abin da ke mahaifarki, ba ya yi. Mai zazzaɓi ma nata zai iya sauka. Mai aman da kike yi ma haka. Ya fito sama, ba shaida ba ce. Ya fito ƙasa, ba shaida ba ce."

"To me ya sa kika ɗiba?"

"Na yi fatan ya fito da kyau, in ɗaga miki shi, ki samu ƙarfin zuwa sikanin. Da ya fito ba kyau kuma, ni da na rubuta babi guda a kan kar a yarda da shi shi kaɗai, na shiga ɗakin magani na yi kuka."

"Wato duk boko ne."

"Boko ne mai amfani. Ba dai a nan ba."

Auta ta kwantar da hannu biyu a cikinta. Da ta yi magana, muryar ba ta wasa ba ce.

"Bara na shiga ɗakin nan da suna a bakina. Har na saya masa safa. Matar ta shafa min abu mai sanyi, ta yi shiru, ta ce bari ta kira wani. Na shiga da ɗa, na fito da inabi." Ta shafa cikin. "Yanzu muddin ban leƙa ba, yana nan. Ina yi masa magana. Ina yi masa faɗa in ya sa ni amai. Kuna so in je a kunna talabijin a kashe min shi."

Mama ta ajiye rigar da take ɗinki.

Dakta ta ce, "In yana nan, leƙawa ba za ta kore shi ba. In kuma wancan ne, kin san shi, ba ya zama wuri ɗaya. Kowace safiya da kika ƙi, shi kika ba. Ni ƙanwa ɗaya gare ni, ba ni da ta canji."

"Ba zan je ba."

"Auta," in ji Mama.

"Mama, ba zan je ba."

Kowa ya kau da ido. Bokiti ma ya zama abin kallo.

Rafali ya yi gyaran murya. Ya ɗauki rigar da ya guge, ya saka a kan singileti, ya rataya usur ɗinsa a wuya, ya lalubo makullin mota.

"Ina za ka?" in ji Dakta.

"Sikanin."

"Na wa?"

"Nawa. An ce ina da shi, a sahun gaba ma. Ni ba zan zauna da abu a ciki ban san ko mene ne ba. Ina da wasa ranar Asabar."

"Rafali, ba lokacin shirme ba ne."

"Wa ke shirme? Na'urar asibiti ce ta faɗa, ko kina ƙaryata aikinki?" Ya juya ga kujera. "Matsalar ɗaya ce, ina da tsoro. Ina bukatar mai riƙe min hannu. Matata tana fushi da ni, in ta riƙe sai ta karya. Mama kuwa, ba zan buɗe tumbi a gabanta ba ko za a kashe ni."

"Allah Ya kiyaye," in ji Mama da sauri.

"Saura ke, Auta. Ke kin san hanya."

Auta ta harare shi da jajayen idanu. "Wayo za ka yi min."

"Ni? Mutumin da ya dafa jini a but? Ina na ga wayo?"

Bakinta ya motsa, ta danne. Ya sake motsawa.

"Rakiya kawai," ta ce. "Ba zan hau gadon ba."

"Wa ya gayyace ki? Gadona ne. Ɗauko bokitinki."

* * *

Likitar sikanin ajinsu ɗaya da Dakta a jami'a, mace ce da ta ga cikin mutane da yawa har na waje ya daina ba ta mamaki. Dakta ta raɗa mata magana biyu a bakin ƙofa. Ta dubi Rafali sama da ƙasa, ta ce, "Hau. Ɗaga riga. Cikin fari ne?"

"Na fari, Likita. A yi min a hankali."

Ɗakin ƙarami ne, da duhu-duhu, da labule shuɗi, da warin maganin goge hannu. Auta ta tsaya daga bakin ƙofa, rabin jikinta a waje. Rafali ya miƙo mata hannu yana karkarwar ƙarya. Ta yi tsaki, ta tako, ta kama.

Likita ta matsa masa man nan mai sanyi.

"Wayyo! Daga firiza kuka ciro shi?"

"Mu muna barin abu inda aka ce a bar shi," in ji Dakta.

Likita ta yi ta zagaye da abin a kan tumbin, fuskarta ba wasa.

"Ina ganin lemo. Da yawa. Na mai laulayi ne ka cinye?"

"Ɗanɗanawa nake, kar a ba ta mai tsami."

"Ga hanta, ta fara tara kitse. Alƙalin wasa ne kai, ko a zaune kake hurawa?"

"Jariri fa, Likita? Kar ki ɓoye min."

"Babu jariri. Babu inabi. Abinci ne zalla. Sauka."

Ya sauko yana goge ciki da takarda, yana hamdala da ƙarfi. Ya karkaɗe gadon da tafin hannu, ya gyara matashin.

"Kin gani? Ko zafi babu. Sanyi ne kawai da cin mutunci."

Auta tana dariya, hawaye na zuba, ba a san na wanne ba ne. Tsayuwa ta gajiyar da ita, jiri ya ɗan ɗebe ta, babu kuma wata kujera a kusa sai gadon. Ta zauna a bakinsa.

Likita ta shiga goge abin aikinta a hankali, kamar yau ba ta da wani aiki a duniya.

"A juya talabijin ɗin," in ji Auta, tana kallon ƙasa. "Kar in gani."

Likita ta juya shi.

"Kuma kar ki yi shiru. In za ki faɗa, ki faɗa. Kar ki ce bari ki kira wani."

"Ba zan kira kowa ba."

"Yaya Rafali, fita."

"Ni da na buɗe nawa a gabanki?"

"Fita!"

Ya fita. Auta ta kwanta, ta runtse ido, ta damƙi hannun yayarta da ƙarfin da ba a zata daga mai aman safe da yamma ba.

Dakta ta zagaya da kai ta dubi gilashin. Ta san kamannin abin da take tsoro, ta gan shi a hotunan matanta ba adadi: fari-fari, dishi-dishi, kamar talabijin da ta rasa tasha. Likita ta ɗora abin. Hoto ya yi ta yawo, toka-toka, ba kai ba gindi.

Sai wani baƙin fili ya buɗe. A cikinsa, wani ɗan abu a lanƙwashe. A tsakiyar ɗan abin, wani ɗigo yana ƙifce-ƙifce.

Likita ta murɗa wani maɓalli.

Ɗakin ya cika da sauti, da sauri-sauri, kamar mai buga ƙofa yana tsoron kare.

Auta ba ta buɗe ido ba. "Mene ne wannan?"

"Wanda kike yi wa faɗa ne," in ji Dakta, muryarta ta sake kamuwa da mura. "Yana ramawa."

"Ba na Yaya Rafali ba ne ya maƙale a na'ura?"

"Nasa lemo ne, lemo ba ya bugu," in ji Likita.

Auta ta saki wani kuka mai haɗe da dariya. Daga bayan ƙofa, inda aka ce mutum ya fita amma kunnensa bai fita ba, usur ya tashi, dogo, irin na tashi daga wasa. Aka ji wata nas tana tambayar wane mahaukaci ne, aka ji Rafali yana ba ta haƙuri yana cewa shi ma yanzu aka sallame shi.

Auta ta yunƙura za ta tashi. "A juyo min shi in gani."

"Kwanta," in ji Likita. "Kar ki motsa."

Ta gusa da abin gefe. Ta matso da fuska kusa da gilashi. Ta sake gusawa.

Hannun Auta ya koma ya damƙi na Dakta. "Kin ce ba za ki yi shiru ba."

"Ba shiru nake ba. Aman nan da girman cikin nan, yanzu na ga dalilinsu. Babu inabi ko ƙwaya, ki saki hannun yayarki kafin ki karya shi." Ta danna maɓalli, ta tsayar da hoton. "Wanda kika ji ɗazu, ɗaya ke nan."

"Ɗaya cikin me?"

Likita ba ta ɗauke ido daga gilashin ba.

"Ki bari in gama ƙirgawa."